Carbin da Ba Ya Wuce Tara

Shafi na 19

Assalamu alaikum mutanen arziki. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rantse in ban saki shafi yau ba za ta kai ƙarata wajen maigidana. Ki huta da wahala, shi ma zaman jiran shafin yake. Wanda kuma yau ce farkon shigowarsa, matso kusa, ba za mu tafi mu bar ka ba.

Malam Dawuda dai mai zana suna ne a jikin zoben azurfa da farantin tagulla, shagonsa yana unguwar Kudai a ƙasa mai tsarki, daf da tashar motocin alhazai. Shekara da shekaru mutanenmu da ba su da asusun banki wajensa suke kai ajiya, babu takarda babu shaida, sai dai a ce, "Malam, ga amana." Cikinsu akwai Hajiya Zali, wadda ta zo daga Abeshe da ƙuruciyarta, ta tsufa tana sayar da dabino da kayan tsaraba a bakin titi. Da ajiyarta ta yi nauyi Malam ya ji tsoron gobara da ɓarawo, ya mayar mata da ita kuɗin intanet ɗin nan da ake ce wa kirifto, da saninta, mabuɗin kuma yana cikin wata 'yar na'ura da yaran nan suke kira mahfaza. Ana haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya tafi da maganarsa. Yanzu Hajiya Zali ta gama shawarar komawa gida ta ƙarasa kwanakinta cikin danginta, ta aiko cewa wajen la'asar tana nan tafe karɓar abinta. Hanan, 'yar Malam tilo, ita aka bari da na'urar.

To, ga inda muka tsaya.

Tun da aka idar da azahar Hanan take zaune dirshan a kafet ɗin falo, laftof ɗin Baba a gabanta, 'yar na'urar a tafin hannunta. Abu ne kamar filas ɗin kwamfuta, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, da ɗan gilashi a tsakiya da maɓalli biyu. Lambar sirrin buɗe ta kuwa tana kanta, Baba da bakinsa ya faɗa mata tun yana da lafiya. Shi ya sa da safe ta ce wa Umminta kada ta damu, aikin shan shayi ne.

Ta jona kebul. Shiru.

Ta cire, ta hura bakinsa, ta sake jonawa. Laftof ko tari bai yi ba.

Ta canza rami, ta koma na ɗaya gefen. Nan ma dai haka.

Hanan ba baƙuwar kwamfuta ba ce, a wajen karɓar baƙi na wani otal take aiki, kullum hannunta a kan madannai. Kuma halinta ne tun tana ƙarama, in abu ya ƙi aiki ba haushi take fara ji ba, son sanin dalili ne yake cin ta. Ta ɗaga kebul ɗin ta ƙare masa kallo, sai ta gane na 'yar fankar hannun da Ummi take zuwa da ita Harami ne. Ai kuwa kebul iri biyu ne, akwai mai ɗaukar wuta kaɗai, akwai mai ɗaukar wuta da saƙo. Ta yi wa kanta tsaki, ta tashi ta ɗauko kwalin na'urar daga durowar Baba, ta zaro nata na asali.

Baba yana kwance a gadon da aka dawo masa da shi falo don ya riƙa ganin mutane. Ido ne kawai yake aiki da hannun hagu kaɗan. Sun saba da shi a haka: in ya lumshe ido a hankali, "e" ke nan, in ya ƙura bai ƙifta ba, "a'a". Yau ma kamar kullum idonsa yana can saman kantar da ke bisa talabijin. Hanan ta daɗe da ɗauka agogo yake dubawa saboda lokacin salla.

"Saura kaɗan, Baba," ta ce da shi. "Yanzu za ka ga an gama."

Kebul na asalin ma sai ya ƙi zama. Yana shiga rabi ya tsaya, in ta saki ya sulluɓe. Ta haska ramin da fitilar wayarta, ta hango wani abu ja-ja mai danƙo ya toshe ciki. Ta kai hanci.

Turare.

Ba ma kowane turare ba, man udun nan mai kauri da Ummi take shafawa a tafin hannu in za ta zauna lazimi. Baba kuwa ko kusa ba ya shafa shi, cewa yake yana hau masa kai. To me ya kai turaren Ummi cikin na'urar da take kulle a durowar Baba? Hanan ta ajiye tambayar a gefen zuciyarta, ta ɗauko tsinken sakace da ɗan auduga, ta dinga sharewa a hankali tana riƙe numfashi. Da ta sake tura kebul sai ta ji ya ce ƙas, ya zauna daram. Alamar batir ta fito dishi-dishi a ɗan gilashin. Wuta ta ƙare mata ƙarƙaf, sai an jira ta farfaɗo.

Kafin nan ta buɗe manhajar na'urar da ke laftof. Ita ma da nata ƙorafin, wai ta tsufa, ba za ta yi hulɗa da kowa ba sai an sabunta ta. Wannan shi 'yan nan suke ce wa tahdis. Hanan ta tuna gargaɗin Baba cewa kada ta kuskura ta bi wani adireshi da aka turo ta saƙo, ta rubuta na kamfanin da hannunta harafi bayan harafi, ta sauko da sabuwa. Intanet ɗin gidan ya yi mata halinsa, ya katse a tsakiya, sai da ta jona da na wayarta sannan aka gama.

Manhaja ta buɗe. Ga ajiyar Hajiya Zali nan zaune, ko ƙwandala ba ta motsa ba.

Hanan ta sauke ajiyar zuciya har da hamdala. Sai dai ku gane, masu karatu, gani kawai manhajar take nunawa, kamar ka tsaya a waje kana hangen kaya ta gilashin shago. Taɓawa sai da na'ura.

Can na'urar ta farka.

Hanan ta gyara zama, ta shirya yatsunta za ta danna lambar sirri. Amma ba a tambaye ta lamba ba. Wani rubutun Turanci ne ya fito yana mata barka da zuwa, yana tambaya ko za ta kafa ta a matsayin sabuwa ne, ko kuwa za ta dawo da tsohuwar ajiya da kalmomin sirri.



Ta kashe ta kunna. Barka da zuwa. Ta ɗauko wayar Baba ta gwada ta bulutut, sai ta ga sunan da na'urar take nunawa yanzu daban yake da wanda wayar ta sani a da. Nan wani tunani ya zo mata, ko dai musanya ta aka yi? Ta juya murfin ƙarfen, ga 'yar alamar harafin dali, farkon sunansa, da Baba ya zana da allurar aikinsa, siririya kamar gashi, babu mai iya kwaikwayonta. Tasu ce. Ita ce dai, amma ta manta da kowa da komai.

Ba yadda ta iya, ta kira Yaya Nu'uman.

Nu'uman ɗan wan Baba ne, a gidan nan ya tashi, yanzu magidanci ne da shagon wayoyi a unguwar Shisha. Shi ya fara kawo wa Baba maganar kirifto, shi ya sayo masa na'urar. Amma ranar kafa ta Baba bai bar shi ya gani ba, ya ce amanar mutane ido biyu kawai take so.

Ta sa wayar a lasifika don hannunta ya samu aiki. Ya saurare ta har ta gama, ya ce ta yi wa na'urar kanta tahdis, wata ran haka suke yi in sun daɗe a ajiye. Ta bi umarnin manhaja, ta danna maɓallan biyu tare, wani ɗan layi ya fara rarrafe a gilashin. Ta zuba masa ido ko motsi ba ta yi, don ta san in kebul ya goce a tsakiyar wannan aiki wata sabuwar rigimar ce. Layi ya cika. Na'ura ta mutu ta dawo.

Barka da zuwa.

"Yaya, har yanzu haka take cewa."

Ya ce, "To, an goge ta ke nan. In aka sa lambar sirri ba daidai ba sau uku a jere, da kanta take share komai. Ke ce kika yi kuskure?"

"Ko tambayata lambar ba ta yi ba."

"To wani ne ya yi. Khalas, ƙaddara ce."

Ta tambaye shi kalmomin dawo da ajiya, guda ashirin da huɗun nan da kowace na'ura take bayarwa ranar kafa ta. Da su, ko a sabuwar na'ura ce, komai zai dawo. Baba ya taɓa ce mata suna nan cikin gida, in lokaci ya yi zai nuna mata, sai ciwo ya riga lokacin. Tuni ta birkice takardunsa, ta zazzage littattafansa, har aljihunan rigunansa ta laluba, babu.

Nu'uman ya ce ta daina wahalar da kanta, shi ya san Baffa, ƙila a kansa ya haddace su. Ya ce abin da ya fi shi ne a gaya wa Hajiya Zali gaskiya, an yi asara, Musulma ce za ta ɗauka. Shi da kansa zai biya ya ɗauko ta a mota ya taya su yi mata bayani.

"Ki ce wa Umma ina tafe," ya ƙara da cewa. "Kada ta manta da saƙona."

Ya kashe.

Hanan ta bi wayar da kallo. Abin da ya tsaya mata ba maganar ba ce, muryar ce. Mutumin da in batirin kwastoma ya kumbura sai ya cika shago da salati, yau an ce gumin tsohuwa na shekaru ya salwanta, amma muryarsa lafiya lau kamar ana ba shi labarin farashin tumatir. Kuma tun da muryar ta fito daga lasifika numfashin Baba ya canza, yana fita da ƙarfi ta hanci.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, ba don kuɗin kaɗai ba. Ta san garin nan. Gobe i yanzu daga Kudai har Shisha za a ce Malam Dawuda ya ci amanar tsohuwa ya fake da ciwo, ga shi kuma ba shi da bakin kare kansa. Mutumin da ko allurar wani bai taɓa riƙewa ba.

Ana haka Ummi Khadijatu ta fito daga kicin da ƙananan kofunan gahawa a farantin roba, tana ta shirin tarbar baƙuwa. Ta sunkuya za ta ajiye, idonta ya sauka a kan 'yar na'urar tana haske. Sai fuskarta ta washe.

"Au, kin gyara carbin?"

Hanan ta ɗago a hankali. "Wane carbi, Ummi?"

"Wannan mana, na babanki. Ni na ɗauka na kashe shi gaba ɗaya."

Jama'a, ni kaina da nake ba ku labarin nan sai da na dafe kai.

"Ummi, zauna," in ji Hanan. "Zauna ki ba ni labarin carbin nan tun daga farko."

Ummi ta zauna a bakin gadon Baba tana ɗan kame-kame, kunya ta kama ta kamar yarinyar da ta fasa kofi. Ta ce a kwanakin da suke asibiti ne igiyar carbinta ta tsinke, 'ya'yan suka watse ƙarƙashin gadaje. Da ta zo gida ɗaukar wa Malam kayan sawa ta buɗe durowarsa, ta ga wannan a cikin kwali. Ga maɓalli, ga gilashi, ta danna lamba ta fito. To me za ta ɗauka? Irinsa nawa ake zubawa a tire a ƙofofin Harami, alhazai suna saye dozin-dozin? Ta ce a ranta, ashe Malam carbin dannawa mai tsada ya saya ya ɓoye. Sai ta ji babu abin da take so irin ta yi masa addu'a da abin hannunsa.

"Sai dai shi wannan wani iri ne," in ji ta. "Ba ya wuce tara. In ka kai tara sai ya koma sifiri."

"Sai kika yi yaya?"

"Sai na gano dabararsa. In na kai tara sai in haɗa maɓallan biyu in danna, ya cika goma ke nan, sai ya ajiye min tauraro ɗaya a gefe."

Hanan ta rufe bakinta da tafin hannu.

"Kowane tauraro goma," Ummi ta ci gaba, har da ɗan alfahari. "In taurarin suka cika layi sai ya yi wani rubutun Turanci, ya share, in sake sabon zagaye."

"Zagaye nawa kika yi, Ummi?"

"Na farko lafiya. Na biyu lafiya. A na uku ne ya ɗauke wuta, da ya dawo ya ƙi ƙirga komai. Na ce shi ke nan na lalata masa abu yana kwance. Na goge shi tas da turarena, na mayar inda na ɗauka, na yi shiru."

Dariya da kuka suka taho wa Hanan lokaci guda, ta rasa wanda za ta bari ya fito. Ta tambaye ta me take roƙa a lokacin.

Ummi ta juya ta kalli mijinta. Muryarta ta yi ƙasa.

"Abu ɗaya ne. Allah Ya dawo masa da bakinsa. Ko kalma ɗaya ce in sake jin muryarsa."

Hawaye ya gangaro ta gefen idon Baba ya shige cikin kunnensa. Ummi ta sa gefen mayafinta ta share masa.

Dole dai a faɗa mata. Hanan ta riƙo hannunta ta yi mata bayani dalla-dalla, cewa ba carbi ba ne, mabuɗin ajiyar Hajiya Zali ne, taurarin nan kuma lambobin sirri ne take shigarwa ba daidai ba. Ummi ta yi ta kallonta kamar ba ta jin Hausa. Ita duk zatonta kuɗin a cikin laftof suke, tunda shi take ganin Malam yana buɗewa. Da maganar ta shige ta sai ta ɗora hannu a ka.

"Kina nufin da hannuna na ƙona amanar Zali, ina ambaton Allah?"

"Ba ki ƙona komai ba, Ummi. Ga ta can tana nan. Ƙofa ce kawai ta rufe, akwai wani mabuɗin. Kalmomi ne ashirin da huɗu, Baba ya ce suna cikin gidan nan. Ki taimake ni ki tuna. Lokacin da ya kawo abin nan, akwai wani abu da kika ga ya yi wanda bai saba ba?"

Ummi ta yi tagumi tana tunani. Ta ce ita dai ba ta ga ya rubuta komai a takarda ba. Malam ma ai ba ya yarda da takarda, kullum cewa yake ruwa ya ci ta, wuta ta ci ta, ɓera ma ya ci ta. Abin da kawai take iya tunawa, a 'yan kwanakin nan ne ya dawo da kayan zanensa gida, abin da bai taɓa yi ba, ya kulle kansa a ɗaki wuni guda. Tana jin ƙarar allurar tana ci, ƙir-ƙir-ƙir, har ta yi masa tsiya ko amarya zai yi wa zobe.

Kayan zane.

Hanan ta juya wajen Baba. Idonsa yana inda yake kullum, saman kanta. Karon farko ke nan da ta bi idon nan da gaske, ba ta tsaya a agogo ba. Gefen agogon akwai fili. A jikin bangon ga wani zagayayyen shaci mai haske, inda wani abu ya daɗe a jingine. Tun tasowarta a nan tiren tagullar Baba yake zama da butar gahawarsa a gaba, wadda ake ce wa dalla. Na ado ne, ba a taɓa ɗora butar a wuta ba, ba a taɓa ba baƙo abu a tiren ba.

Ta rarrafa zuwa bakin gadon. Ta sha tambayarsa a kwanakin baya, durowa ce, littafi ne, shago ne, yana ƙura mata ido. Wannan kam bai taɓa zuwa mata a rai ba.

"Baba," ta ce, "tiren ne?"

Ya lumshe ido a hankali. Ya daɗe bai buɗe ba.

"Ummi, ina tiren?"

"Ai yana wajen Nu'uman."

"Tun yaushe?"

Ummi ta ce tun sunan 'yarsa, suna asibiti a lokacin. Ya zo ya ce kayan gahawarsu ba za su ishi baƙi ba, a ara masa. Ku da kuka zauna a nan kun sani, a cikinmu ba a hana aron tire da kofuna ranar taro, ko maƙiyinka ne ya aiko sai ka ba shi, bare ɗan da ka raina. Ta san Malam ba ya bari a taɓa shi, amma Malam yana kwance, wa za ta tambaya? Ta ba shi. Taro ya watse, kowa ya mayar da kayan aro, shi shiru.

"Butar fa?"

"To ai ita ce saƙon da yake ce miki kada in manta. Kwanan nan ya ishe ni da waya, wai tire ba ya kyau babu butarsa, zai kai a wanke su tare a dawo da su suna ƙyalli kafin Malam ya miƙe. Har na ji daɗi na sa masa albarka. Tana can bayan ƙofa a leda, na naɗe masa ita tun da safe."

Hanan ba ta san lokacin da ta isa bayan ƙofar ba. Ta warware ledar, ta zaro butar, ta kifa ta. A gindinta an manna wani zagayayyen koren ƙyalle, irin wanda ake sawa don kada ƙarfe ya kankare katako. Ta sa farce ta ɓanɓare gefe. Ya ƙi. Ta sa haƙori.

Ƙyallen ya ɗago.

Ga su nan. Rubutun Baba ne, ƙanana ƙwarai, a jere sun zagaye gindin butar, kowace kalma da lambarta a gaba. Ta haska da waya tana bi da ido. Ba daga ɗaya suka fara ba. Daga sha uku suka fara, suka ƙare a ashirin da huɗu.

Rabi ke nan. Ɗaya rabin yana ƙarƙashin tire.

Sai yanzu komai ya zauna mata daidai. Dalilin da ya sa ba a dawo da tire ba. Dalilin da ya sa ajiyar take nan ba ta motsa ba har yau, don sha biyu ba sa buɗe komai. Dalilin da ya sa mutum yake gaggawar a ce wa tsohuwa ta yi haƙuri an yi asara, don in kowa ya yarda kuɗi sun mutu, babu mai sake leƙa su ranar da suka tashi suka yi tafiya.

Daga masallacin unguwa aka kira la'asar. Kiran bai gama sauka ba ta ji takun mutum biyu a matakala, ɗaya mai sauri, ɗaya yana ja yana hutawa. Sai ƙararrawa.

"Salamu alaikum, mutan gidan," muryar Hajiya Zali ce, tana haki. "Wannan bene naku zai ƙarasa ni."

Sai ta Nu'uman, mai taushi kamar ba shi ba. "Umma, mu ne. Ga Hajiya na kawo. A miƙo min saƙon nan in sa a mota tukuna, kada in manta."

Ummi ta miƙe. A rayuwarta ba ta taɓa barin babba tsaye a bakin ƙofa ba, ƙafafunta ma ba su san yadda ake yi ba. Ta zo ta tsaya kusa da Hanan, ta kalli butar, ta kalli 'yarta, ta kalli ƙofa. Hanan ta rungume butar a ƙirji tana girgiza mata kai, amma ita ma ba ta san me za ta ce wa tsohuwar da ke tsaye a waje ba.

Ƙararrawa ta sake kaɗawa.

Hannun Ummi ya kai kan mariƙin ƙofa.

Daga can kan gado wani sauti ya fito, a shaƙe, a karkace, kamar an jawo shi daga ƙasan rijiya.

"A'... a."

Ummi ta sandare. Ba ta juya ba, hannunta yana kan mariƙin, hawaye suna zuba. Kalma ɗaya ta roƙa. Ga ta an ba ta.



Sannan Nu'uman ya matso daf da ƙofar, muryarsa ta canza.

"Hanan, wa na ji ya yi magana?"